Mai Gemu a Bakin Gada

Surukina ya kawo kwamfuta, ni kuma na kashe masa kwamanda.

Da ciwon gwiwa ya zaunar da ni, 'yata ta ce zaman banza zai ƙarasa ni. Mijinta mai gyaran waya ne. Ya ɗora wata tsohuwar kwamfuta a kan teburin guga, jikin taga, ya sa mini wasan yaƙin mutanen da: mashi, baka, garkuwa. Ya damƙa mini wani abu mai igiya da yake kira linzami. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san lamba. Ya nuna mini wani mai gemu a ƙarƙashin tuta, ya ce shi ne kwamanda, wata uku yana renonsa. In ya faɗi, gwiwar runduna ta yi sanyi, kowa ya arce. Don haka a riƙa ɓoye shi bayan tudu.

Na bi maganarsa sau ɗaya. Na ci yaƙin. Sai allon ya nuna matattu ɗari shida da goma, Mai Gemu kuwa ko ƙwarzane babu. Ranar nan abinci bai yi mini daɗi ba.

Shekara arba'in ina shugaban masu haƙa rijiya. Ban taɓa zura ɗan wani a rami ba sai na fara sauka na shaƙi iskar ƙasan da hancina. Washegari na fito da Mai Gemu gaba. Na lura duk wanda ke kusa da tutarsa ba ya ja da baya. Matattu suka ragu zuwa ɗari biyu, daga baya tamanin. Yaƙi goma sha ɗaya muka yi a haka, kullum bayan karin kumallo. Tsohuwata, uwar 'ya'yana, takan ajiye mini shayi ta tambaya ko Sarkin Yaƙi zai iya tashi a share ƙarƙashin kujera.

Na goma sha biyu a bakin kogi aka yi shi. Na yi kuskure, na tura sababbin masu mashi ɗari biyu suka haye gada, abokan gaba suka rufo su. Laifina ne. Na kai Mai Gemu ya tsaya a bakin gadar har mutanen suka komo. Na ƙarshensu na hayewa kibiya ta same shi. Tutar ta faɗi, runduna ta watse. An cinye mu, amma matattu arba'in da ɗaya ne, har da shi. Mataimakinsa ya hau, wani siriri marar gemu, bai iya komai ba tukuna. Na tattara mutanen na ci gaba da shi.

Ranar Asabar da hantsi surukina ya zo. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya leƙa allon. Da ladabi ya ce abin yana da gyara: wasan yana ajiye abin da ya gudana kowace rana, ana iya komawa tsakiyar yaƙin, Mai Gemu da ransa.

Na ce, "Masu mashin fa?"

Ya ce za su koma hayin kogi yadda suke, sai dai wannan karon a bar su. Irinsu ba sa wuya, ana samun wasu.

Tsohuwata tana bakin ƙofa da tsintsiya. Ta ce masa, "Ɗana, da ka tambaye ni. Wannan mutumin sau biyu ana jawo shi daga rijiya a sume, bai daddara ba."

Ya yi dariya, ya miƙo hannu wajen linzamin. "Baba, dannawa ɗaya ce kawai."

Yaron kirki ne, kuma na san wata ukunsa yake ji. Na dafa linzamin da tafina.

"Ba za a tashe shi ba."