Tsinken Awon Raudatu

Malam Abdussamad malamin adabi ne a wata sakandare a Malumfashi. Ranar Asabar kuma yana sharhin finafinai a wani gidan rediyo a Funtua, kuma mutum shida sun taɓa gaya masa suna saurare. Ranar jajiberin Babbar Sallah aka ce ya zo a ɗauki shirin da wuri, sai matarsa Lauratu ta haɗa shi da sayayya.

Ba ta ba shi lambar takalmi ba, don lambar kasuwa ba ta da alƙawari. Ta tsayar da 'yarsu Raudatu a kan siminti, ta zaro tsinke daga tsintsiya, ta gwada daga dunduniya zuwa babban yatsa, ta bar ɗan sarari saboda girma, ta karya.

"Ga ƙafarta nan, Malam. Ka zura a cikin takalmin, in ya kwanta daidai ka saya. Ja take so."

Shekarar Raudatu bakwai, kuma duk takalmin da ta taɓa sawa zuwa idi, yayarta Najiba ce ta fara cinye masa dunduniya. Bana aka yi mata alƙawarin nata. Malam ya soka tsinken a aljihun gaba kusa da biro, ya shiga mota.

Fim ɗin da zai yi sharhi a kansa daga wani littafi aka ɗauko shi, labarin birnin aljannu a ƙarƙashin kuka, wanda Malam ya karanta sau huɗu yana yaro. Minti ashirin ya yi a gaban makirfo yana yi masa fiɗa. Sarkin aljannu, in ji shi, shekara dubu yana mulki amma da agogon hannu. Dokin da ke tashi sama jakin kwamfuta ne aka yi wa fiffike. Manoman birnin kuwa suna shuka da girbi a rana ɗaya, abin da ko aljani ba zai gwada a gonakin garin Ƙarfi ba.

Da ya fito ya biya shagon abokinsa Kabiru, mai tura wa mutane finafinai a waya. Gyambon ciki ya ɗauke wa Malam azumin Arfa, amma bai hana shi tsire da yaji ba, don haka ya sayo ya baje a kan benci.

"Yau kaɗai mutum arba'in na tura wa fim ɗin nan," in ji Kabiru. "Kai kaɗai ka ga agogo."

"To ai shi ke nan, mutum arba'in ba su da ido."

"Suna da shi. Doki suka zo gani, ba ƙarfe nawa ba."

Musu ya yi zafi. Wani zaren nama ya maƙale wa Malam a turmin haƙori daidai lokacin da yake bayanin bambancin littafi da majigi. Hannunsa ya je aljihu da kansa, ya zaro tsinken. Ya sakace, bakin tsinken ya yi laushi, ya ɓalle shi ya yar, ya ci gaba da sakace da bayani. Sau biyu aka yi haka kafin Kabiru ya gaji ya yarda.

A layin 'yan takalma Malam bai yi wasa ba. Ya duba ɗinki, ya lanƙwasa tafi, ya ƙi guda uku. A na huɗu, wani ja, tsinken ya kwanta cif, kamar don shi aka yi, sai ya biya.

Kafin magariba yana gida. Raudatu ta zauna a bakin ƙofa ta tura ƙafa. Yatsu suka shiga, dunduniya ta tsaya a waje.

"Ya yi mini, Baba," ta ce, tana dannawa.

Lauratu ta miƙa hannu a ba ta tsinken. Ta dafa shi a tafin ƙafar yarinyar, ta dubi gaɓa guda da ta rage babu awo. Ta juya shi, ta ga bakinsa a tattaune, ta sansana.

"Ƙuliƙuli da yaji," ta ce. "Malam, ƙafar 'yarka ka ci?"

Ya fara bayanin cewa 'yan kasuwa ba sa karɓar kayan da aka mayar sai bayan Sallah, sai ya ga ba wanda ya tambaye shi.

Da safe Lauratu ta goge tsohon takalmin Najiba ta ajiye. Raudatu ta sa shi ba musu. Jajayen kuwa ta ƙi bari a gida. Ta riƙe su a hannu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta bi bayan uban har filin idi, duk wadda ta tambaya sai ta ɗaga mata su.

"Nawa ne. Daga Funtua Baba ya sayo."