Kujerar Tahiratu a Rana ta Biyar

Tahiratu ta bar zangon Kumasi ta zo New York ba ta taɓa jin sunan wasan kurket ba. Ta san shi ne a gidan Mista Budram, wani dattijo ɗan asalin Guyana da take kula da shi a Mount Hope tun bayan da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a keken guragu. Kafin ciwon, lissafi yake koyarwa a sakandare, kuma har yanzu bai daina koyarwa ba, ɗalibai ne kawai suka ragu suka koma ita kaɗai.

Shi ya bayyana mata cewa irin wasan da yake so kwana biyar ake yi, kowace ƙungiya ta buga sau biyu. Zagaye na huɗu shi ne na ƙarshe, inda ƙungiya ɗaya ke bin makin da aka ɗora mata a filin da ya riga ya farfashe, kuma da an fitar mata da mutum goma shi ke nan. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne masu sharhi su ce wata ƙungiya ta samu "momentom". Tahiratu ta fassara wa kanta kalmar da tashe.

"Ƙarya ce, Mis Tahira," yakan ce. "Ƙwallo ba ta da ƙwaƙwalwa. Ba ta san abin da ya faru da wadda aka jefa kafin ita ba."

"To, Baba," takan ce, ta miƙa masa magani.

Rana ta biyar ta wani wasan West Indies, ƙungiyar da tsohon ke goyon baya, ta faɗo ranar Asabar, ranar sunan jaririn Abiba, ƙanwar mijinta, can Stapleton da ke tsibirin Staten Island. Tahiratu ta shirya da abokiyar aikinta Adjoa ta karɓe ta da tsakar rana, mijinta Mutaru kuma ya zo da mota su wuce.

Da safe 'yan West Indies suka fara bin makin a natse. Tahiratu na zaune a kujerar gefen taga tana ninke tawul. Ta tashi ta ɗora ruwan shayi, kafin ta dawo an fitar da mutum ɗaya. Ta zauna, maki ya ci gaba da taruwa. Adjoa ta danna ƙararrawa, ta tashi ta buɗe mata, aka sake fitar da wani.

Mista Budram ya dubi talabijin, ya dubi kujerar.

"Mis Tahira, ki ɗan zauna ki huta mana."

"Baba, tafiya zan yi. Ga Adjoa ta zo."

"Mijinki bai iso ba tukuna. Zauna."

Ta zauna da jakarta a cinya. 'Yan wasa biyun da ke fili suka kafe, masu jifa suka fara gumi, mai sharhi ya ce momentom ya koma hannun West Indies. Tahiratu ta jira tsohon ya zage shi kamar kullum. Sai ta ji ya ce, "Haka ne."

Mutaru ya gaji da jira a ƙasa ya hawo, sanye da farar shadda, makulli a hannu. Tahiratu ta yunƙura, tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Maigida, ka yi masa magana," ta ce da Hausa. "Wai in na tashi ake fitar musu da mutum."

Ta yi zaton zai yi dariya. Ta manta cewa mutumin nan ya taɓa shafe kakar wasa guda bai wanke rigarsa ta ƙungiyar ƙwallon Kotoko ba don kar sa'a ta gudu. Mutaru ya tambayi tsohon sau nawa hakan ta faru, aka ce sau biyu, ya girgiza kai kamar likitan da ya ga hoton ƙirji.

"Maman Najat, ba a wasa da irin wannan. Ki zauna minti kaɗan."

"Ka san ma yadda ake wasan?"

"Ba sai na sani ba."

Ya jawo kujera. Kafin 'yan wasa su tafi hutun shayi, Mutaru ya san wane ne mai jifa da wane ne mai bugu, har ya fara cewa "mu". Adjoa ta kawo musu biskit tana danne dariya. Wayar Tahiratu ta yi ta ƙara. Abiba ce ke turo hotuna: tukunyar wake da shinkafa, kwanon yajin shito, mata cikin anko.

Da lokacin azahar ya kusa fita, Tahiratu ta miƙe. "Salla zan yi," ta ce. Ba wanda ya isa ya hana ta, amma Mutaru ya rufe ido kamar mai jiran allura.

Ta idar a ɗakin baya ta dawo, ta tarar da su baki buɗe. Tana fita, wani matashi ya buga ƙwallo ta tsallake fili sau biyu a jere. Tana zama kuma aka fitar da shi.

Mista Budram ya shiga lissafi. Can ya ce, "Abin ya juya. Yanzu zamanki ne matsalar. Mis Tahira, don Allah ki koma kicin."

"Ki koma kicin," in ji Mutaru, bai ko waiwayo ba.

Ta koma kicin ta tsaya jikin firji. Daga falo tana jin tafi. Ta dubi ankon da ke jikinta, ta dubi Adjoa da ke yanka albasa, sannan ta ɗauki jakarta. Ƙofar fita tana kusa da kicin, kuma ba ta yin ƙara.

Ta gangara titin Grand Concourse, ta wuce motar Mutaru, ta shiga jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, ta hau feri, jirgin ruwan da ke tsallakawa Staten Island. Daga baya Adjoa ta ba ta labarin cewa duk lokacin da wasa ya yi tsanani Mutaru kan ɗaga murya ya ce, "Maman Najat, kar ki motsa daga nan," ita kuma Adjoa ta buga cokali a tukunya don ya ji akwai mutum.

Tahiratu na zaune a falon Abiba da jariri a hannu, ta ci ta ƙoshi, sai wayarta ta yi ƙara.

"Mun ci," in ji Mutaru, muryarsa a dishe. "Saura mutum ɗaya a fitar mana, muka ci. Na shiga kicin in gode miki, sai na ga Adjoa."

"Barka. Abiba na tambayar ka."

"Ki ce mata ina hanya. Ga Baba yana son magana."

Tsohon ya karɓi wayar. Ya tambaye ta ƙarfe nawa ta bar gidan, ƙarfe nawa ferin ya tashi. Ta faɗa masa gwargwadon abin da ta tuna. Ta ji yana gunaguni shi kaɗai.

"Ya yi daidai," ya ce. "Tun da kika hau ruwa ba a sake fitar da kowa ba. Mis Tahira, wasa na gaba zai ƙare ranar Litinin ta sama. Kina da wanda za ki ziyarta a Staten Island ranar?"

Tahiratu ta dubi Abiba, wadda ke ajiye wa Mutaru ƙanzon da ya rage a tukunya.

"Ina da su da yawa, Baba," ta ce.