Abin da Idon Ƙasa Ya Gani

Auta ba don sha'awa ta koyi ɗaukar hoto ba, don mugunta ta koya, kuma ita kanta ba ta ɓoye wa zuciyarta hakan. Tun rasuwar mahaifiyarsu 'yan kunnen zinarenta suka yi ɓatan dabo daga cikin akwati. Can sai ga su suna lilo a kunnen matar yayanta, wadda kowa ke kira Anti.

"Saya na yi," in ji Anti. "Ko Mama kaɗai aka ƙera wa?"

Auta ba ta yarda ba. Ta san na hagun ya taɓa karyewa, maƙeri ya liƙe shi, ya bar wani ɗan ƙulli kamar kan allura. Wa zai kama kunnen matar aure ya duba? Shi ya sa ta ƙudura sai ta ɗauki ƙullin nan a hoto, ta wanke shi ƙato, ta kafa a falo ranar da dangi suka hallara, kowa ya ga ɓarauniya.

Ta ciro tsohuwar kyamarar babansu, mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, wadda ake leƙawa ta sama kamar tukunya. Fim ɗinta faffaɗa ne, komai girman hoton ba ya dishewa. Mai gyaran kyamara na bayan kasuwa ya sayar mata da gilashin ɗaukar abu daga kusa, ya kuma ja mata kunne.

"Da idon sama kike gani, na ƙasa ke ɗauka. Daga nesa bakinsu ɗaya. In kin matso, sai kin gama saiti ki ɗaga ƙafar kyamarar har na ƙasa ya hau inda na sama yake. In ba haka ba, ki nufi hanci ki samo haɓa."

Ta ƙona fim ba adadi a kan makulli, maɓallin riga, har da ƙudan da ya mutu a taga. Ta mayar da banɗakinta ɗakin duhu na wanke hoto, hannuwanta kullum warin magani. Duk lokacin da hoto ya fito tas, fuskar Anti take hangowa tana zufar kunya, sai ta ji sanyi a ranta.

Shawo kan Anti bai yi wuya ba, mace ce mai son hoto kamar me. Ta sha hoda, ta zauna kusa da taga, ta ɗan zame gyale. Auta ta yi ta matsowa da kyamara har tana jin numfashinta.

"Wannan kusanci fa? Kunnena za ki shiga?"

"Kyau ne ya yi miki yawa, Anti. Kar ki motsa."

Da ta leƙa, ga ƙullin nan ɓaro-ɓaro a tsakiyar gilashi. Jininta ya tafasa, ta yi ta dannawa har fim ya ƙare. Ɗaga ƙafar kyamara kuwa ko a ranta bai zo ba.

Sai da takarda ta fara nunawa a cikin ruwan magani ta gane ɓarnar da ta yi. Ɗan kunnen ya tsere sama, gefensa kawai ya shigo, ƙullin babu shi. Wuyan Anti ne ya cika hoton. Ta ɗaga takardar za ta yaga, sai ta tsaya. Ƙarƙashin hodar, inda ido ba ya kaiwa, ga shatin yatsu a jere, baƙi-baƙi, kowanne da ɗan yankan farce a ƙarshensa. Hannun babba ne, kuma namiji ɗaya ne tak a gidan, yayanta. Auta ta zauna a bakin baho, kunya da takaici suka rufe ta.

Ta samu Anti ita kaɗai a kicin tana yanka albasa, ta ajiye mata hoton kusa da faranti. Anti ta daɗe tana kallo.

"Haka yake ashe," ta ce. "Ni ban taɓa ganinsa sosai ba, madubi ba ya kaiwa nan."

Ta goge hannu, ta cire 'yan kunnen, ta zuba wa Auta a tafi.

"Na Mama ne, na sani. Yayanki ne ya ɗauko ya ba ni, washegarin ranar da ya fara dukana. Ki riƙe abinki, dama ƙona min kunne suke."

Auta ta damƙe su. Ta miƙa hannu za ta ɗauke hoton.

"Bari in ƙona shi, Anti. Ba wanda zai gani."

Anti ta danne takardar da wuƙa.

"Ran Asabar kawunnanku za su hallara a falon nan gaishe da yayanki," ta ce. "Wannan ne iyakar girman da za ki iya wankewa?"