Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

…kuma har yanzu ba ta san sunan ba. Gobe suna. Mijinta Faïçal ya riga ya sayo rago a gonar nan ta bayan gari, mata suna can gidan Hajiya Kouloussoum suna yankan albasa, liman yana jira a gaya masa abin da zai raɗa. Ita kuwa Oumaima, uwar jaririn, tana durƙushe gaban mahaifiyarta kamar wadda ta zo roƙon gishiri.

Inna tana kan kujera mai taya, baki a karkace tun da ɓarin jikinta ya shanye. Motocin babban titin Wendover suna ta wucewa a bayan taga, nan ƙasar Turawa. Jariri yana barci, ba ruwansa.

"In namiji ne, ki mayar mini da yarona." Abin da Inna ta ce ke nan tun ciki bai fito ba. Yaronta… ɗan farin da ta haifa a Arlit, wanda ƙyanda ta ɗauke kafin yaye, kafin a haifi Oumaima. To yaya sunansa? Inna ta yi dariya, ta kau da kai. Wace mace mai kunya ce take kiran sunan ɗan farinta? Sai dai "wancan yaron". Ta ce in lokaci ya yi za ta nuna wani mai irin sunan, a gane. Lokaci kuwa ya yi, sai ya zo da ciwo.

Abin haushi, wai ita Oumaima ce gwanar. Shekara da shekaru a jami'a tana bin sawun mutanen da tatsuniyoyin Girkawan dā suka yar a gefen hanya — 'yar sarkin da aka ambata sau ɗaya, makiyayin da ya nuna wa jarumi hanya, mai renon da ba wanda ya koma ta kanta. Waƙoƙi sukutum sun ɓace, wuta ta ci, laima ta ci, sai rabin baitin da wani ya kwafo don wata buƙatarsa. Akwai wata matar da Oumaima ta rubuta babi guda a kanta: guntun takarda mai ramuka, sunan matar, sai "ta haifi", sai rami. Wa ta haifa? Oumaima ta tsaya gaban malamai ta kawo zato uku, aka yi ta tafi. Can ana cike rami da zato, ba wanda zai amsa sunan har tsufansa.

Nan fa? Ta san komai na yaron Inna, daga bakin gwaggonni. Ta san yana dariya in ya ji kukan akuya. Ta san ranar da aka kai shi Inna ba ta bari an ga hawayenta ba, ta shiga ɗaki ta yi ta ninke zanen goyo. Labarin duk yana nan, sunan ne kawai babu. Ta kira Kawu Zakaria a Maradi, ya ce su dai Ɗanladi suka sani, tunda ran Lahadi ya zo. Baba kuwa ya tafi da sunan kabari. Takarda? Wace takarda, ga jaririn da bai yi taku ba?

Ta kama hannun Inna mai lafiya. In ta faɗa daidai, Inna ta matse, shi ke nan, ba sai ta furta ba. Mahamadou… Abdoulaye… Ousseini… Issoufou… Harouna… Salissou… Tana jero su da sauri, ido kafe a kan yatsun nan siraru. Ko motsi. Tsoro ne ya cika ta, tsoro da fushi, ta rasa ma wa take fushi da shi.

Waya ta yi ƙara. Faïçal ne daga wurin aiki. "Imam is waiting, Oumaima. Ko mu sa na babana kawai?" Ta ce ya ba ta zuwa magariba. A sa na babansa — Inna tana ji, tana gani, ba bakin cewa a'a? Inna ta haye teku don wannan jikan, ta roƙi abu ɗaya tak…

"Ruwa."

Inna ce. Ras, ba gargada. Oumaima ta kawo kofi. Ashe harshen yana tashi? Ashe…

"Inna, ba kowa, daga ni sai ke. Faɗa mini."

Inna ta dubi jaririn, ido ya ciko, ta juyar da fuska bango. Wannan kau da kan — shi ne na ranar da ta yi dariya. Ba ciwo ba ne. Kunya ce, ciwon bai taɓa ta ba. Macen da ba ta kiran sunan, yaya za ta matse hannu ta ce shi ne? In ta ji shi, kau da kai take yi, tun Oumaima tana yarinya haka take…

Ɗazu ma ta kau da kai. Oumaima ta gani ta wutsiyar ido tana cikin jero sunaye, ba ta kula ba, tana can tana gadin yatsu. A kan wanne ne? Issoufou? Ko wanda ya biyo shi? Ta sake kama jerin daga farko, wannan karon ido a kan fuskar Inna.

"Inna… Mahamadou…"

Idon Inna a rufe yake. Barci ne, ko…