Gawar da Ta Yi Susa

Duk unguwar babu wanda bai san Malama Babba ba. Ta tsufa tana riƙe da makarantar firamare, kuma da ta yi ritaya sai ta dawo gida da fuskar ofis ɗin. 'Ya'yanta da suka yi gemu har yau ba sa miƙe ƙafa a gabanta. Matar babban ɗanta kuwa, in ta ji takun takalminta, ko tauna take sai ta haɗiye. Wannan kwarjini shi ne dukiyar Malama, ta fi tattalinsa a kan zinarin kunnenta.

Sai Allah ya haɗa ta da suruki, mijin Auta, mai gyaran waya a bakin kasuwa. Yaro ne mai ladabi, ba ya sha, ba ya yawo, amma yana da cuta guda: finafinan da duniya ta tofa wa yawu su ne abincinsa. Wanda 'yan kallo suka fice tun kafin a kai rabi, wanda jarida ta ce gara a ƙone, shi zai tono a intanet ya adana kamar kayan gado. In ya fara labarinsu, Malama takan ji kamar ta taka kashin kaza ba takalmi.

Wata Asabar, bayan an ci abincin rana, iyali duk suna falo, sai ya jona wayarsa da talabijin.

"Mama, yau na kawo muku sarkinsu," in ji shi yana murza hannu. "Wannan ko wanda ya shirya shi ya ce ba shi ba ne."

"Kai dai ba ka rabo da shara," in ji Malama. "Mutum da hankalinsa."

"Wallahi Mama, lalacewar ce daɗin."

Aka fara. Wani ƙato ne a cikin rigar roba, wai shi kada, yana fitowa daga kududdufi da agogo a hannu. Ya yi taku biyu wutsiyar ta faɗi, wani hannu ya shigo daga gefe ya maƙala masa. Falon ya kwashe da dariya. Malama ta taɓe baki za ta tashi, sai kiɗan ya canja, ta koma ta zauna.

Ta san kiɗan nan. Ta san kududdufin nan ma, har warinsa.

Abin da yaran ba su sani ba, tun tana ɗalibar kwalejin malamai ta taɓa raka wata ƙawarta kallon masu ɗaukar fim. Aka rasa waɗanda za su yi gawarwakin da kada ya kashe, aka shafa mata jan fenti a rabin fuska, aka ce ta kwanta. Fim ɗin ya fito ya mutu a take, ta gode wa Allah, ta ɗauka an binne shi har abada. Mutum ɗaya ta taɓa faɗa wa, baban yara, shi ma sai da ta sa shi rantsuwa. Ga shi can a kujerarsa ya ɗaga jarida ya rufe fuska, jaridar tana rawa.

"Ku nutsu, ga wurin nan!" in ji surukin. Ya tsayar da hoton. "Ku dubi gawa ta uku daga hagu."

Ya saki. Gawar tana kwance a sandare, mai fim yana kuka a kanta, sai ga hannunta ya sulale a hankali ya kai ga ƙwauri, ya yi susa, ƙarar-ƙarar, ya koma. Auta ta faɗo daga kujera. Babban ɗan yana dukan cinya.

Malama ta gyara zama. Ta dubi surukin, bakinsa har kunne, ga ɗigon mai a gaban rigarsa, ta ce a ranta: wannan na ba 'yata. Amma fenti ya rufe fuskar, kuma yarinyar da ke kwance siririya ce kamar tsinke. In ta yi shiru, shi ke nan.

"Muna da ƙungiya a waya, ta masu son irin waɗannan," in ji surukin, ya sake mayar da hoton baya. "Hoton matar nan ne a kan ƙungiyar. Har gardama ake a kan me ya sa ta yi susar."

"To me aka ce?" in ji Auta tana share hawaye.

"Ai an gama magana. Ƙazuwa ce. Dubi ƙafar mana, wannan ta yi wata ba ta ga sabulu ba. Irin ƙazaman nan ne da ake kwasowa a bakin titi."

Malama Babba, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana duba farcen yara a layi kowace safiya, ta juyo a fusace.

"Ƙazuwar gidanku!" ta daka tsawa. "Tururuwa ce! A kan gidan tururuwa suka shimfiɗe mu, rana tsaka, suna ta gyaran wutsiyar wancan sakaran. Kai ka kwanta mana mu ga ko ba za ka yi susa ba!"

Kowa ya juyo ya dube ta. Surukin ya dubi talabijin, ya dubi surukarsa, ya zame daga kujera ya durƙusa kamar ya ga waliyyiya.

"Mama," ya ce, "ke ce? Don Allah, agogon nan, mantawa ya yi ko ƙin cirewa ya yi?"

Daga can lungu wani sauti ya fito kamar an matse akuya. Matar ɗan ce, ta cusa gyale a baki, kafaɗunta na tsalle. Malama ta watsa mata harara irin ta da. Matar ta dube ta ido cikin ido, ta fashe gaba ɗaya.

"Duk wanda ya fitar da maganar nan daga ɗakin nan," in ji Malama tana miƙewa, "ni da shi ne."

"To, Mama," suka ce baki ɗaya, babu wanda ya iya daidaita fuska.

Ta ja zanenta ta nufi ɗaki. Ba ta kai ƙofa ba ta ji baban yara ya ajiye jarida.

"Kai, yaro," in ji shi, "mayar mana baya kaɗan. Labarin kawai aka ba ni, ban taɓa gani ba."