Rantsuwar da Na Yi a Kurmi

Idan mutum ya rantse da abin da daga baya ya daina yarda da shi, rantsuwar tana nan a wuyansa, ko ta faɗi tare da abin? Na duba Littafi Mai Tsarki. Na yi ta juya maganar a gaban injin saƙa har zare ya tsinke sau biyu ban lura ba. Ban samu amsa ba.

'Yata Hajara ce ta jawo tambayar. Shekararta biyar. A Kirsimetin 1984 muka kai ta ƙauyenmu a Filato karo na farko, kuma ran da muka isa dodo ya fito. Aka kora mata da yara ɗaka, aka ja ƙofa, muryar nan mai kaɗa hanji ta zagaye gidan. Tun da muka dawo ɗakinmu na haya a Kakuri yarinyar ba ta yi barcin kirki ba. Mako uku ke nan. Ta rame, ta koma fitsarin kwance.

Ba abin da ban gwada ba. Na bar fitilar ƙwai a kunne har asuba, a lokacin da sai ka yi layin rabin yini kafin ka samu galan ɗin kananzir. Na haska mata ƙarƙashin gado da tocila. Fasto ya zo ya yi addu'a, ya sha lemo, ya tafi. Maƙwabcinmu ya buga bango ya ce in zuba mata bulala biyu kowa ya huta.

"Babu dodo," na ce mata, ya fi sau ɗari.

"Baba, na ji shi da kunnena. Kuma ai kai ka rufe mana ƙofa."

Gaskiyarta. Ni na rufe.

Abin haushin shi ne na san maganin. Ina ɗan shekara goma sha biyu aka kai mu kurmi aka nuna mana dodo: guntun gora mai rami, an liƙe bakinsa da farar yanar gizo-gizo, mutum ya yi magana a ciki. Shi ke nan. Mahaifina ya riƙe hannuna na rantse ba zan faɗa wa mace ko yaro ba har in mutu. Daga baya aka yi mini baftisma, shi kuma ya rasu. Ba dodo nake tsoro ba. Tsohon nan ban taɓa saɓa masa alkawari yana raye ba, sai yanzu da ba shi da bakin yafe mini?

Ran Lahadi bayan coci, matata Celina tana tsince wake a faranti, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Baban Hajara, ka gaya mata mana."

"In gaya mata me?"

"Cewa ƙaninka Wilson ne. Ko a buhu aka ɗaure shi na san tarinsa."

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. "Wa ya gaya miki?"

"Sai an gaya mini? Dodon da ke cin wake da manja, ya aiko a ƙara gishiri? Mahaifiyarka ta sani, kakarka ma ta sani. Ƙyale ku muke yi ku ji daɗi."

"To ke ki gaya mata, tunda ba ki rantse ba."

"Tun makon farko na gaya mata. Ta ce ai tare aka kulle mu, ina na gani? Kai ne kake waje."

"Ba zan iya ba. Magana ce tsakanina da mahaifina."

"Baba yana can yana barcinsa lafiya. 'Yarka ce ba ta yi."

Na sa takalmi na fita. Na bi layin dogo na yi ta tafiya, ina jin haushinta, ina jin haushin Wilson, ina jin haushin dattawan da suka ɗora wa yaro kayan da zai ɗauka har furfura. Idan kowa ya san asirin, me nake tsarewa? Idan kuma ana sauke alkawari duk ran da ya yi nauyi, me ya rage a cikinsa? Har na juyo ban raba gardamar ba.

Wajen ƙarfe huɗu na dawo. Hajara tana zaune a bakin ƙofa cikin rana, barci ya sace ta da lomar shinkafa a hannu. Inuwar bango ta taɓa ƙafarta, ta zabura.

"Mama, dare ya kusa?"

Rana tana nan a sama, yara suna ta wasan langa a waje, ita kuwa tana lissafin duhu.

Na zaga bayan gida na yanko karan ganyen gwanda, mai rami kamar bututu. Na yagi ledar burodi na ɗaure a baki ɗaya da zare. Sai da na sake ɗauri sau uku. Celina ta ajiye farantin da ke hannunta, ta zuba mana ido.

Na durƙusa a gaban yarinyar.

"Hajara, dubi bakina da kyau, kada ki rufe ido. Riƙe nan. Zan nuna miki abin da Kawu Wilson ya yi ran nan."

Ta kama ɗaya gefen da yatsu biyu. Na sa karan a bakina, na kira sunanta da muryar dodo.