Numfashi Ƙarƙashin Jar Fata

…kuma ya tashi. Inna, wallahi ya tashi. Baba ya miƙe daga kan buzunsa, ga shi tsaye bakin zaure, hannu ɗaya a bango, kai a karkace irin yadda yake yi in yana sauraro. Ni kuwa ina bayan sitiyari, ko motsi na kasa. In fita in riƙe shi? A'a. Ina taɓa gwiwar hannunsa zai koma ya zauna, ai kin san halinsa.

Shekara shida. Tun da idonsa ya rufe bai wuce masallacin da ke manne da gidanmu ba. Baba fa, Yari Direba! Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu tsakanin Sakkwato da Ƙonni a cikin Fijo, ya san kowane rami da sunansa… yanzu sai zaure, buzu, buta, rediyo. Ranar da jikinki ya yi tsanani kika riƙe bakin rigata, kika ce, "Maccido, kar ka bari ya ƙare a zauren nan. Ka fitar da shi ya sha iska." Na ce to. Mi zan ce? Shekara biyu ke nan da rasuwarki, ko nan da Amarawa ban kai shi ba. In na yi magana, amsa ɗaya ce: "Ni ba a tuƙa ni."

Don shi na sayi wagga jif. To — don shi, da kuma don kaina, kar in yi maki ƙarya. 'Yar Kwatano ce, ta yi shekara goma hannun wani da ban sani ba, irin masu tafiya da fetur da kuma batir. Ranar farko na danna maɓalli, shiru. Na sake dannawa. Na fara zufa, na ce an cuce ni, dillalin yana ta dariya, wai ai ta tashi tun ɗazu. Na ɗaga ƙafa daga birki sai ga bango yana wucewa, ga itacen dalbejiya yana wucewa, ba ƙara, ba hayaƙi, ba girgiza… ƙarfe mai nauyin shanu biyar yana tafiya ba a jin sawunsa. Subhanallah. Har yau in ta yi haka sai tsigar jikina ta tashi.

Yana takowa. Ɗaya… biyu… akwai dutse nan gabansa, Ya Allah, dutsen da nake ta cewa zan kawar — ya kewaye shi. Ta yaya ya san yana nan?

Ranar da na sayi motar na kawo ta gida, na tsaya taku uku daga inda yake zaune. Bai juyo ba. Mutumin da ke gane motar kowa a Illela tun daga kwanar kasuwa, ya ce wance ce, wane ke tuƙa ta, giyarta ta biyu na ciwo. Na fito na yi sallama, ya ce, "Da ƙafa ka zo?" Na ce Baba ga mota na saya, gabanka take, a kunne. Sai ya ce, "Abin da ba ya kuka, ina zan san lafiyatai?" Ya murɗa rediyonsa. Na ji zafi, Inna. Na shiga ɗaki na kasa cin tuwo.

Daga nan haukan ya kama ni. Waya a hannu, ina kallon masu gyaran mota na ƙasashen duniya, ban jin yarensu, hannunsu kawai nake bi. Na sauya fitilun gaba. Na ja wata siririyar fitila shuɗiya ta zagaye ƙofofi. Na sa kyamarar baya da kaina, na haɗa waya ba daidai ba, in na sa ribas sai hon ya kama ihu, kwana biyu unguwa na yi mini dariya. Allo a dashbod, sabbin wili masu ƙyalli… fitila, Inna! Fitila shuɗiya don makaho! Kai, Maccido, ina ka aje hankalinka?

Sai na tuna sitiyarin Fijonsa. Kin tuna? Naɗe da jar fata, ta yi baƙi inda tafinsa ke zama. Ina yaro nakan sa hanci in shaƙa. Na ce to, in ido ba ya gani ai hannu na ji, hanci na ji. Na tafi Sakkwato wajen dukawa na zaɓo fatar akuya, ja, mai laushi, har sha takwas. Mako uku ni da Na'ima matata, tana ja ina ɗinki, wani lokaci mu sauya, basilla ta huda mini yatsa ya fi sau goma, tana cewa, "Wai kai ɗan kasuwar albasa ne ko baduku?" Na lulluɓe kujerun nan kaf, har ƙasa, ban bar ko tsaga ba. Akwai wasu 'yan tagogin roba munana ƙarƙashin kujerar baya, su ma na shafa gam na rufe su, na bi da kafet mai kauri. Ta yi kyau. Wallahi ta yi kyau, duk wanda ya leƙa sai ya ce masha Allah. Na kai masa guntun fatar ya shinshina, ya ce, "Jima mai kyau." Ya miƙo mini abina.

Ya iso. Tafinsa na kan bonet. Ga fuskarsa ta gilashi, kamu ɗaya tsakaninmu, idanun nan farare suna kallon sama da kaina. Yaushe gemunsa ya yi fari haka duka? Kullum ina gaishe shi, ban gani ba?

Dabarar yau ita ce ta ƙarshe, kuma ita ta fi wauta. Na je tasha na sa Lawwali direba ya tada tasa tsohuwar Fijo, na ɗauki kukan injin a waya. Na ɗaura 'yar lasifika ƙarƙashin bonet. Ɗazu bayan la'asar na shigo layi da ita tana ruri, na ce yau zai ji mota ta zo. Ya ji kuwa. Ya kashe rediyo — shekara nawa ban ga ya kashe rediyon nan don wani ba — ya ɗaga murya ya ce, "Wagga Fijon Lawwali ce, filoginta na uku ya mutu. Mi take nema a ƙofar gidana, kuma ina warin hayaƙinta?" Kunya ta rufe ni. Sai ya ce, "Kashe ƙaryar nan in ji taka." Na kashe. Shiru ya sauka… shi ne Baba ya tashi.

Mi yake ji? Ba komai fa. Ni da ke ciki ban jin komai sai bugun zuciyata da kukan akuyar maƙwabta. Ya bar bonet. Yana bin jikinta da yatsu, madubi, ƙofata, ya wuce ni kamar ba ni nan… ƙofar baya. Ya tsaya. Ya lalubo mariƙi.

Inna. Ya buɗe.

Kar ka yi magana, Maccido. Kar ka yi numfashi ma. Ƙafar dama ta shigo, ya dafa kujera, motar ta ɗan nutsa da nauyinsa — nauyin ma nawa ne, ya rame — ya zauna. Ya sunkuya, ya kai kunne wajen gwiwarsa, hularsa ta faɗi kan kafet bai kula ba. Tafinsa na shafa ɗinkina, yana gangarawa, yana gangarawa, har daidai inda na shafa gam.

"Akwai fanka nan ƙasa. Tana jan iska ba ta samu. Wa ya toshe mata hanci?"

Fanka? Wace fan… La ilaha illallahu. Batirin! Dillalin ya faɗa, ya ce babban batirin na ƙarƙashin kujerar baya, ni ina can ina kallon wili. 'Yan tagogin nan munana… ta nan yake shan iska. Shi ya sa kwana huɗu ke nan wata alama ruwan lemo ke fitowa a allo da rana tsaka, na ce in Lahadi ta wuce na duba. Shi ya sa injin fetur ɗin ke yawan tashi ba dalili. Cikin zafin Illela, ni da hannuna, da basilla da gam, ina shaƙe ta a hankali, ina kiran mutane su zo su yaba.

Kuma shi ya ji. Motar da bai taɓa ganin irinta ba, bai san sunan komai nata ba… ta cikin fata, ta cikin kafet, daga bakin zaure. Na kasa kunne yanzu, na rufe ido kamar shi — ga ta can. Siririya, wahalalliya, kamar numfashinki a daren… a'a, ba zan tuna wannan ba yanzu. Ashe tana kuka. Kullum tana kuka, ni ne ban iya ji ba. Wane irin kunne Allah Ya ba bawan nan? Shekara shida ina tausayinsa, ina rage murya in zan yi masa magana, ashe ni ne kurman gidan.

Askar da nake yanka fata na nan cikin aljihun ƙofa. Na ɗauko ta, na zagayo, na durƙusa a ƙasa gabansa, gwiwata cikin turɓaya. Ya kamo hannuna, ya ɗora shi daidai wurin, bai kuskure ko da faɗin yatsa ba. Tafinsa da ɗumi. Rabon da ya riƙe hannuna tun ina koyon giya a hanyar Kalmalo, yana ɗora nasa kan nawa, yana cewa saurara, ita za ta gaya maka lokaci… Mako uku na ɗinki. Na'ima na leƙe ta ƙofa, hannu a baki.

"Yanke. In ta sha iska mu taka ta zuwa Kalmalo, in ji ta bisa hanya."

Mu.

Mu ya ce, Inna? Ko kunnena ne? Ya jingina da kujerar, ya lalubo hularsa ya sa, ya aje hannuwa bisa cinya yadda fasinja ke yi… bai ma san ya yi ba, ko ya sani? In na yanke ta daina kuka, zai sauka? In ta warke mi zai saurara? Bakin askar na kan fatar, ja, mai laushi, ɗinkin Na'ima ne ma nan wajen, ya fi nawa kyau… ban ganin layin, wani abu ya cika mini ido — yana jira. Baba na zaune cikin motata yana jira, ni kuma na kasa riƙe aska.